Kakuranger, Hurricaneger ko Ninninger, da wanne za ka fara?

Wani ƙanina ne ya tare ni da tambayar nan ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wai yaya, cikin Sentai ɗin ninja guda ukun nan wanne zan fara saukewa, don datar da nake da ita ba za ta ɗauki duka ba. Na buɗe baki zan ba shi amsa a tsaye sai na ga abin ba na tsaye ba ne, na ce masa je ka gida zan rubuto maka. To shi ne na ce bari in rubuta yadda kowa zai amfana, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba. Kakuranger kashi 53 ne, Hurricaneger 51, Ninninger 47, idan ka haɗa 151 kenan, kowane kashi minti ashirin da 'yan kai. Ba ƙaramin lokaci ba ne kuma ba ƙaramar data ba ce, gara mutum ya san inda zai sa ƙafa.

Ga wanda bai san zancen ba, Super Sentai shiri ne na kamfanin Toei na Japan da aka riƙa nunawa a tashar TV Asahi, ya faro tun 1975 da Gorenger, kusan kowace shekara sabuwar tawaga da sabon labari da sabbin kaya. Power Rangers ɗin da da yawanmu muka taso muna kallo a kaset da faifan sidi daga nan ake yanko shi, Amurkawa su ɗauki wuraren faɗa da dodanni da robot su sa nasu 'yan wasan a tsakani. Saboda haka in ka taɓa ganin Alien Rangers ko Ninjor to ka ga kayan Kakuranger, in ka ga Ninja Storm ka ga na Hurricaneger, Ninja Steel kuma Ninninger ne. Amma kaya kawai ka gani fa, labarin asali daban yake, wani wurin ma ko kama hanya ɗaya ba su yi ba.

Amsata a taƙaice ita ce ka fara da Hurricaneger. Kuma ina faɗin haka ne alhali wanda ya fi zama min a rai shi ne Kakuranger, zan bayyana dalili. Sannan in gargaɗe ka, ba yadda za a yi in kwatanta su ba tare da na fasa wasu sirrikan labarin ba, zan yi ƙoƙari in rage amma akwai waɗanda dole in taɓa.

Abu na farko da zai nuna maka halin kowanne shi ne kirarin da suke wa kansu idan sun rikiɗa sun jeru gaban bos. 'Yan Kakuranger cewa suke suna ɓuya daga idon mutane suna sare mugunta. 'Yan Hurricaneger suka ƙara gishiri, mutane ba su san su ba duniya ba ta san su ba, inuwa suke zama su bugi mugunta. Su kuwa 'yan Ninninger sai suka juya abin gaba ɗaya, wai ninja ne su amma ba sa ɓuya. Wallahi wannan kirarin kaɗai ya isa ya gaya maka rabin abin da za ka tarar, na farko da na biyu suna ɗaukar ninjanci a matsayin aikin da ake yi ba a nemi yabo ba, na uku kuma biki ne da kiɗa da hayaniya a tsakiyar rana.

Bari in fara da Hurricaneger tunda shi na zaɓa maka. An fara nuna shi a Fabrairun 2002 ya ƙare Fabrairun 2003, shi ne na 26 a jerin. Labarin ya buɗe da makarantar ninja ta Hayate, wasu mugayen ninja daga sararin samaniya da ake kira Jakanja suka dira suka share ɗaliban makarantar, ba wanda ya tsira sai mutum uku, kuma dalilin tsirarsu shi ne sun zille wa atisaye ba sa wurin lokacin da abin ya faru. Wato waɗanda suka fi kowa wasa da karatu su ne aka bari da nauyin duniya a ka. Yousuke ja, Nanami shuɗiya, Kouta rawaya. Malaminsu Mugensai garin tserewa ya mai da kansa wani ɗan ɓeran gida da ake ce wa hamsta ya kasa dawowa mutum, haka ya ci gaba da yi musu faɗa daga kan tebur, 'yarsa Oboro ita ke ƙera musu makamai da injina.

Abin da ya sa na ce ka fara da shi, mutum uku sun fi biyar sauƙin sani. Kafin ka kai kashi na goma ka san kowa ciki da bai. Kuma an ba su rayuwa a wajen faɗa, Yousuke goge gilasan dogayen benaye yake yi, Nanami tana fafutukar zama mawaƙiya tana waƙa a wuraren da ba kowa ke tsayawa ya saurara ba, Kouta yana aikin kula da tsofaffi. Ka ga mutum yana rataye da igiya a jikin bene yana goge taga, waɗanda ke cikin ofis ɗin ko kallonsa ba sa yi, alhali jiya shi ya hana a rushe garin, to a nan kirarin nan na inuwa yake samun ma'ana, ba a baki kawai ya tsaya ba.

Sai kuma Gouraiger, waɗanda su ne ainihin dalilin da ya sa shirin ya tsaya da ƙafarsa. Wa da ƙani ne, Ikkou da Isshuu Kasumi, daga makarantar Ikazuchi mai gaba da Hayate, ɗaya jan duhu ɗaya shuɗin duhu, kayansu na siffar ƙwaro mai ƙaho. Sun fi yaran nan uku ƙwarewa nesa ba kusa ba, kuma da suka fito ba taimako suka zo yi ba, ɓangaren Jakanja suka koma don suna neman wani abu da kowa a shirin ke kira "abin nan" kawai, ba a faɗin sunansa. Duka suke wa jarumanmu na fitar hankali, kashi bayan kashi, har ka fara jin haushin su. Sai a hankali a buɗe maka cewa mahaifinsu ne ya ɗora su a kan wannan hanya, kuma wasiyyar da ya bar musu ita ce sai ɗaya ya kashe ɗan'uwansa kafin abin da ake nema ya bayyana. Wurin da wan ya tsaya da makami a gaban ƙaninsa, ni dai na ajiye abin da ke hannuna na gyara zama, don duk wanda yake da ƙani ya san nauyin wannan tsayuwar. Kuma ko bayan sun bar Jakanja ba su zama abokai dare ɗaya ba, an ɗauki lokaci ana ja ana saki, suna aikin gini suna cin abincinsu su biyu, girman kai bai bar su sun zauna da sauran ba sai daga baya. Irin wannan haƙurin wajen gina labari shi ne abin da Hurricaneger ya fi sauran biyun.

Na shida shi ne Shurikenger, kore, mai salon wasan besbol, yana magana yana cusa Turanci. Ba a taɓa nuna fuskarsa ta gaskiya ba har shirin ya ƙare, kullum sai ya zo da kamannin wani mutum, kuma masu shirin suka yi dabara suka riƙa ɗauko tsofaffin jaruman Sentai na shekarun baya su fito a matsayin fuskar da ya ara, har da Kenji Ohba. In ba ka san tsofaffin ba ba abin da ka rasa, in kuma ka san su to kowace fitowa kyauta ce.

Bosawan ma suna da daɗin kallo. Shugabansu Tao Zanto, ƙarƙashinsa manyan kwamandoji bakwai da aka ciro sunayensu daga ranakun mako na Turanci, Manmaruba, Chuuzubo, Wendinu, Sargain, Furabijo, Satarakura da Sandaru. Furabijo da Wendinu 'yan mata ne biyu masu tsiwa, Furabijo har maki take ba dodannin da aka tura kamar malamar makaranta. Amma da Sandaru ya iso a ƙarshe-ƙarshe sai dariya ta ragu, don shi ko nasa bai bari ba.

Inda yake da rauni, tsakiyarsa tana ɗan ja, akwai kashi-kashi da za ka ji an cika su ne kawai don mako ya wuce, kuma zancen "abin nan" an ja shi ya yi tsawo har amsar da aka bayar a ƙarshe ba ta kai girman jiran da aka sa mu ba. Aikin kwamfuta na 2002 ne, wani wurin za ka gane zane ne ƙarara. Amma robot ɗinsu Senpuujin yana da wani salo da nake so, yakan zubar da nauyinsa ya koma siriri mai tsalle-tsalle na daƙiƙa 60 kacal, sannan makamansa a cikin ƙwallaye suke fitowa daga ƙirjinsa, sai an fasa ka ga abin da ke ciki.

To yanzu Kakuranger, na 18 a jerin, daga Fabrairun 1994 zuwa Fabrairun 1995, shi ne Sentai na farko da ya ɗauki ninja. A nan zan daɗe don a nan zuciyata take.

Shekara 400 da suka wuce wasu ninja biyar suka kulle shugaban dodannin gargajiyar Japan, waɗanda ake kira yokai, a bayan wata ƙofa. A zamaninmu wani dodon ruwa mai suna Kappa ya yaudari samari biyu, Sasuke da Saizou, suka buɗe ƙofar da hannunsu, ashe jikokin waɗancan ninjan ne. Wato masu gyaran ɓarnar su ne suka yi ta tun farko. Kuma ga abin da ya bambanta shi da duk wanda ya gabace shi, shugabar tawagar ba mai jan kaya ba ne, yarinya ce 'yar shekara 15 mai fararen kaya, Tsuruhime, ita ce mace ta farko da ta jagoranci tawagar Sentai. Ita ta san tarihin gidansu, ita ta san aikin, samarin nan da suka girme ta kuɗi da abinci da 'yan mata ne a kansu, ita ke jan kunnensu. Sasuke ja ne kuma shi ke tsayawa a tsakiya wajen faɗa, amma magana ta ƙarshe tata ce. Sauran su ne Seikai rawaya, da Jiraiya baƙi wanda ya taso a Los Anjalas ya zo ba ya jin Japananci sosai, da Turanci yake magana a farko ana ta fama da shi.

Ba su da wani sansani na ƙarƙashin ƙasa mai kwamfutoci. Wata bas ce mai fuskar kyanwa, Nekomaru, a cikinta suke yawo gari-gari suna sayar da wani abu kamar fanke mai faɗi siriri da ake naɗewa, da shi suke ci. Wannan ya ba shirin wani ɗanɗano na 'yan tafiya, yau suna nan gobe suna can, kuma duk inda suka yada zango akwai dodon da ya saje da mutanen wurin. Don yokai ɗin nan ba a daji suke ba, sun waye sun shigo gari, wanda a tatsuniya keken shanu ne mai fuska a nan ya zama tasi, akwai mai dogon wuya, akwai wanda shi bango ne sukutum. Sannan a kashi 24 na farko akwai wani mai ba da labari irin na gargajiyarsu, yana zaune da mafici a gaban ɗan teburi, sai ya katse shirin ya ce bari in gaya muku asalin wannan dodon, ya nuna maka tsohon zanensa. Duk wanda ya taso ana masa gatanan gatananku da dare zai ji wannan mutumin kamar ya san shi. Idan ana faɗa kuma sai ka ga an watso rubutun ƙarar duka a fuskar talabijin da manyan haruffa kamar littafin zane.

Daga kashi na 25 sai shirin ya canza fuska, mai ba da labarin ya ɓace, wasa ya ragu, aka raba su kowa ya tafi neman nasa ƙarfin shi kaɗai. A nan ne aka yi abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Jiraiya, wanda Kane Kosugi ya fito a matsayinsa, ya haɗu da malaminsa Gali da ya rene shi ya koya masa faɗa, sai ya gano wannan malamin shi ne ya kashe masa uba. Wanda ya fito a matsayin Gali kuwa shi ne Sho Kosugi, mahaifin Kane na gaskiya, wanda duk mai kallon finafinan ninja na shekarun 1980 ya san fuskarsa. Uba da ɗa na jini suna faɗa a gaban kyamara, ba hular kwano ba kayan roba, hannu da ƙafa ne zalla kuma duka biyun sun iya. Ba a yi faɗan da ya kai wannan ba a Hurricaneger ko Ninninger, ko kusa.

Ita ma Tsuruhime nata ya same ta. Mahaifinta da take zaton ya mutu sai ga shi a ɓangaren dodanni da sunan Hakumenrou yana ba su shawarar yaƙi. Yarinyar da ta saba ba da umarni sai ga ta tana rawar murya, ta rasa ko ta ɗaga takobi ko ta kira shi baba. Gaskiyar dalilinsa ba zan faɗa ba, ka gani da idonka.

Bos ɗin rabin farko, Junior, ɗan sarkin dodannin ne, yana yawo da baƙar fata da gita kamar mawaƙin rok, in ya rikiɗa ya koma ƙwarangwal, Kenichi Endo ne ya yi shi tun kafin ya zama babban ɗan wasan da aka sani a Japan yanzu. Yana da 'yan mata ninja biyar da asalinsu kyanwoyi ne. Sai Ninjaman da ya zo daga baya, mai zuciyar kirki da saurin fushi, ya yi shekara 1000 a kulle cikin tulu saboda an taɓa yaudararsa ya yi ɓarna, kuma duk bos ɗin da ya kuskura ya ce masa ɗanye sabon shiga to ya jawo wa kansa, nan take zai harzuƙa ya rikiɗa ya zama Samuraiman. Ƙarshen shirin ma ba irin wanda aka saba ba ne, sun gano babban dodon Daimaou ba a kashe shi, don daga ƙiyayyar da ke zukatan mutane ya samu, in ka sare shi ka watsa shi ne ko'ina, dole sai dai a mai da shi bayan ƙofa a rufe. Shirin yara ne fa amma ya tsaya ya faɗi wannan.

To me ya sa ban ce ka fara da shi ba? Saboda na sha ba mutane shi su dawo min bayan kashi biyar ko shida su ce ba su gane inda aka dosa ba. Rabin farkon nan ba shi da wani dogon zare, dodon wannan mako daban na wancan daban, wasan dariyar ma wani na Japan ne sosai, hoton kuma na 1994 ne, mai kusurwa huɗu da ɗan dishi-dishi. Wanda bai saba da Sentai ba zai iya ajiyewa kafin ya kai inda zumar take, kuma in ya ajiye da wuya ya dawo. Amma in ka riga ka gama Hurricaneger ka san yadda gidan yake, za ka yi haƙuri da shi, kuma haƙurin zai biya ka ninki.

Ninninger shi ne na 39, Fabrairun 2015 zuwa Fabrairun 2016. Shi ne ya fi kyan hoto, faɗin allo, launi tas, in a waya za ka kalla shi zai fi cika maka ido. Labarin gida ɗaya ne, zuri'ar Igasaki. Kakansu Yoshitaka shi ake kira Ninja na Ƙarshe, shi ya kulle wani azzalumin sarkin yaƙi na zamanin da, Gengetsu Kibaoni, da taurarin jifa 48. Da kullin ya kwance taurarin suka watse cikin gari, duk abin da suka faɗa wa sai ya zama dodo, ko abin hawa ne ko kayan gida. Jikoki biyar suka taru, Takaharu da ƙanwarsa Fuuka, da 'yan uwansu Yakumo da ya yi karatun sihiri a Ingila, da Nagi, da Kasumi mai ƙwaƙwalwar kimiyya, kowa kuma yana son ya gaji kakan. Na shida Kinji daga Amurka ya zo, da hular kaboyi, abin rikiɗarsa siffar boga, takobinsa gita, in ya ga dodo sai ya tsaya ɗaukar selfi da shi.

Akwai abubuwan da nake so a ciki da gaske. Zaman gidan nasu yana da daɗi, 'yan uwa ana gasa ana faɗa ana cin abinci tare, wanda ya taso a babban gida da 'ya'yan baffa da na gwaggo zai ga kansa. Sannan Tsumuji, baban Takaharu da Fuuka, mutum ne da aka haifa ɗan babban ninja amma aka raba shi da baiwarsa tun yana saurayi, ya zama shi ke koyar da yaran abin da shi kansa ba ya iya yi, yana tsakanin uba gwarzo da ɗa gwarzo. Ni a wurina shi ne mutumin da ya fi taɓa zuciya a shirin. Kyuemon ma, mai fuskar yanyawa, tsohon almajirin kakan ne da ya juya baya, shi ke riƙe da duk wani sirri na labarin, kuma ya fi babban bos ɗin armashi. Can ƙarshe aka bayyana cewa ba a zama Ninja na Ƙarshe sai ka kashe wanda ke kai ka karɓi ƙarfinsa, yaran suka ce su ba za su bi wannan hanyar ba. Akwai kuma kashin da kaka da uba da jika suka jeru su uku duk cikin jan kaya, wannan wurin ya yi kyau ƙwarai.

Matsalar ita ce an daɗe ba a kai can ba, kuma Takaharu ya cinye wurin. Jarumi ne mai zafin kai da ihu, kullum jikinsa ya ɗau zafi, ba ya tunani sai ya faɗa, kuma shirin ya fi son ya nuna shi ne daidai ko da sauran sun fi shi hankali. Kasumi da Yakumo suna da abin bayarwa amma sau da yawa sai a mai da su 'yan rakiya, Nagi da Fuuka kuwa an bar su a baya sosai. Gasar gadon kakan ma ana ta auna ta ana sake aunawa ba ta cika motsawa ba. Robot ɗinsu Shurikenjin haɗin gambiza ne, mutum-mutumin ninja da dodon sama mai fiffike da tifa da kare da jirgin ƙasa, ɗayansu yana zaune a ƙirjin babban kamar mai tuƙi a kujera, yara suna son shi sosai, ni kam na fi son tsarin na Kakuranger da na Hurricaneger inda kowane yanki ya dace da ɗan'uwansa.

In ka lura duka ukun a kan uba suke juyawa, kuma a nan ne za ka auna nauyin kowanne. A Kakuranger 'ya ce ke neman ta gane ko mahaifinta ya ci amana. A Hurricaneger 'ya'ya ne ke ƙoƙarin sauke mugun nauyin da uba ya ɗora musu bayan ya tafi. A Ninninger zuri'a ce sukutum ke tambayar ko dole ne a gaji komai yadda aka same shi. Tambayar Ninninger ba ƙarama ba ce, sai dai ya ajiye ta sai kashi-kashin ƙarshe, Hurricaneger ya shimfiɗa tasa tun da wuri ya bi ta a hankali, Kakuranger kuma ya jira sai da ka saki jiki kana dariya sannan ya sauke maka ita a ƙirji.

Saboda haka ya danganta da kai. In kai ne irin mai son labari ya riƙe ka ka ce bari in ƙara kashi ɗaya kafin in kwanta, Hurricaneger. In ka riga ka kalli Sentai biyu ko uku, ko kana son tatsuniya da faɗan hannu na gaske kuma tsohon hoto ba ya damunka, wuce kai tsaye Kakuranger, amma ka yi min alƙawarin ba za ka yanke hukunci ba sai ka kai kashi na 30. In kuma da yara za ka kalla, 'yan shekara shida zuwa goma, to Ninninger ne, launi da waƙa da rawar ƙarshen shiri za su riƙe su ko ba su iya karanta fassarar da ke ƙasa ba, kuma dodanninsa ba su kai na Kakuranger ban tsoro ba, don wasu na Kakuranger yara suke sacewa kuma ƙaramin yaro zai iya kasa barci.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake son a bar Ninninger a ƙarshe. A kashi na 7 Sasuke na Kakuranger da Yousuke na Hurricaneger sun dawo, 'yan wasan asali, Teruaki Ogawa da Shun Shioya, sun manyanta, suka zo a matsayin malamai suna koya wa yaran aiki. In ba ka san su ba baƙi biyu kawai za ka gani. In kuwa ka yi tafiyar kashi 53 da ɗaya da 51 da ɗayan, lokacin da jajayen nan uku suka jeru kowa ya yi kirarinsa, biyu suna cewa a ɓoye suke ɗaya yana cewa shi ba ya ɓuya, za ka ji abin har cikin ƙashinka. Ni sau uku na mayar da wurin baya.

In ka gama kana son ƙari, 'yan Hurricaneger sun dawo da fim a 2013 bayan shekara goma, suka sake dawowa a 2023, 'yan Kakuranger ma sun yi nasu na cika shekara 30 a 2024 da 'yan wasansu na asali. Amma kar ka taɓa su sai ka gama shirin kansa.

Ƙanin nawa dai na ce masa ya sauke kashi 20 na farkon Hurricaneger, in ya kai inda Ikkou da Isshuu suka tsaya gaban juna ya kira ni mu yi magana, sauran datar kuma ya adana ta don Kakuranger.